Heluman da Ya Ce Bai Sani Ba

An ce wai a wani gari na ƙasar duwatsu, inda rabin mazan gari ke yini a ƙarƙashin ƙasa suna haƙar kuza, an yi wani alƙali mai suna Malam Zubairu. Mutum ne mai nauyin baki, ba ya gaggawar hukunci, har mutanen garin kan ce wanda zai kai ƙara gabansa ya tafi da tabarmarsa.

A garin akwai wani attajiri, Alhaji Bawale, wanda ya fara da diga a hannu yana saurayi, har Allah ya ba shi ramin kansa. Irin ramin nan ne da ake haƙawa kamar rijiya, in an kai ƙasa a karkata gefe, a bi jijiyar kuza a durƙushe. Heluman ramin, wato shugaban leburori, sunansa Jatau. Shi ke fara sauka ya duba bango, sannan ya hau ya tsaya a bakin rami da usur a wuya. Dokar aikin kuwa ɗaya ce: ba mai taɓa igiya sai heluma ya ce a shiga, kuma in ya busa usur, ko me kake riƙe da shi, yar da shi ka fito.

Ana nan, damina ta ƙarato, sai masu haƙa suka faɗa kan wata jijiya baƙa ƙirin, irin wadda mutum kan tsufa a rami bai gani ba. Ana cikin murna, rannan da hantsi Jatau ya sauka, ya dafa bango, ya hau ya busa usur. Kowa ya fito yana haki. Suka ja da baya suna jiran rami ya rufta, rami kuwa ko gezau. Aka kwana, aka tashi, kwanaki suka shuɗe, rami yana nan daram, Jatau kuma ya ƙi ya ce a shiga. Ga hadari yana haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauka rami zai cika, kuzar kuma sai wani ikon Allah.

Da haƙurin Alhaji Bawale ya ƙare, sai ya kai ƙara. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tsoro ne ya kama mutumin nan, ya tsayar mini da aiki a kan banza. Ina so a cire usur daga wuyansa a gaban jama'a, in ba wanda ke da zuciya." Kowa a wurin ya san nauyin wannan magana, domin heluman da aka cire wa usur a gaban alƙali, ba mai rami da zai sake ba shi ko riƙon igiya.

Alƙali ya dubi Jatau ya ce, "Me ka gani a ramin?"

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban ga komai ba."

"To, me ka ji?"

"Ban ji ba ma. Bangon ne dai, da na dafa shi, sanyinsa ba irin na kullum ba ne."

"Zai rufta ke nan?"

Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi ban sani ba. Tun ranar nake tambayar kaina, ni ma na rasa amsa. Wataƙila Alhaji ne ke da gaskiya."

Alhaji Bawale ya tafa hannu ya ce, "Kun ji ko? Bai sani ba! Da 'ban sani ba' ake rufe wa mutum arziki?"

Aka kira shaidu, suka ƙara dagula lamarin. Wani mai haƙa, Nomau, ya rantse ya ji wani gurnani a cikin ƙasa, amma da aka matsa masa sai ya ce ranar bai karya kumallo ba, ba mamaki cikinsa ne. Wani ya ce yashi ya zubo masa a wuya, sai 'yan'uwansa suka yi dariya, suka ce yaushe ne yashi bai zubo wa mai haƙa a wuya ba?

Malam Zubairu ya rasa ta inda zai kama. Da rami ya rufta, da Jatau ya yi gaskiya. Da mutane sun koma sun kwashe kuza lafiya, da Alhaji ya yi gaskiya. To, ga shi ba wannan ba wancan, kuma bai taɓa karanta babin da ya koya yadda ake auna abin da bai faru ba. Ya daɗe yana shafa gemu, har masu tabarma suka fara gyara kwanciya.

Can sai ya ce, "Shaida ɗaya ya rage, shi ne ramin kansa. Tunda ba zai zo ba, mu za mu je."

Gari ya ɗunguma zuwa bakin rami. Alƙali ya naɗe hannun rigarsa ya ce, "A can ƙasa za mu zauna, daidai inda jijiyar take, a nan za a ƙarasa shari'a. Mai ƙara ke fara magana, don haka shi zai fara sauka. Bismilla, Alhaji, ina bayanka."

Alhaji Bawale ya tuɓe babbar riga yana cika baki. Ya kama igiya, ya zura ƙafa ɗaya, ya leƙa duhun nan da ya daɗe bai leƙa ba. Sai tsohuwar ɗabi'ar mai haƙa ta motsa, bai san lokacin da ya waiwaya ya ce, "Jatau, a shiga?"

Jatau ya ce, "Ban sani ba, Alhaji. Amma don Allah kada ka shiga."

Alhaji ya janye ƙafarsa a hankali, ya saki igiya.

Alƙali ya warware hannun rigarsa ya ce, "Shari'a ta ƙare, kuma kai ka yanke ta, Alhaji. Amsar da ka yi wa dariya ɗazu, ita ce ka karɓa yanzu. Abin da ya sauya kawai shi ne wuyan da zai shiga ramin. Ba a sa heluma don ya san gaibu, an sa shi ne don ya tsayar da mutane lokacin da bai sani ba. Usur yana nan a wuyan Jatau. Daga yau kuma, duk mai ramin da ya ce heluma ya yi ƙarya, to, ba a hana shi ba, amma shi zai fara kama igiya."

Kunya ta rufe Alhaji Bawale. Ya ɗauki rigarsa, ya tsaya gaban Jatau ya ce, "In an tokare bangon da itace fa?" Jatau ya ce sai ya sake dafa bangon ya ji.

Amma kafin a sare itacen, ruwa ya sauka, rami ya cika maƙil. Har yau ba wanda ya san ko da zai rufta, kuma tsofaffin garin ba su daina gardama a kai ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, Nomau da duk waɗanda suka fito ranar sun tsufa a ɗakunansu.

Saboda haka masu hankali suka ɗauki darasi daga wannan shari'a: shakkar da ta isa ta sa ka janye ƙafarka, ta isa ta sa ka janye ƙafar wani.