Muryoyin Ƙauye a Cikin Na'urar Kyari

"To shi wannan abu me za mu kira shi? Tsohon ya raɗa masa suna, sabon ya ɗauke sunan ya ba wani."

Akwai wata amarya a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, sunanta Balki. Ita ce ta ji wannan tambaya ta bayan katanga, tana tankaɗen gari a tsakar gida. Mijinta Kyari ne ya yi tambayar a zaure, shi da abokin aikinsa Inusa.

Shekarar fari ce, wadda ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Kyari yana aiki da wata ƙungiya mai raba hatsi, shi ke rubuta musu manhaja. Ma'aikata na zaga ƙauyuka da ƙananan ordinatar, wato kwamfuta. Wanda ya iya rubutu ya rubuta halin da garinsu ke ciki, wanda bai iya ba ya yi magana a ɗauki muryarsa. Da waɗannan saƙonni ake yanke inda kamyo, babbar motar kaya, zai fara kai hatsi.

Innar Balki, Hajara, a ƙauyen Droum take, kuma ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Labari ya iso wa Balki cewa ita matan unguwarsu suka tura gaba ta yi magana a na'urar. Tun ranar Balki take kallon baƙar jakar mijinta kamar innarta na zaune a ciki.

Sai ga shi Inusa ya mayar da babbar na'urar biro, wato ofishinsu, kan sabon zubin harshen da ake rubuta manhajar da shi, wanda suke kira Python, bai shawarci kowa ba. Saƙonnin rubutu suka fito lafiya. Muryoyin kuwa suka ƙi buɗuwa, sai wasu zane-zane kamar sawun kaji a kan rairayi.

"Ka watsar da muryoyin nan mu huta," in ji Inusa. "Shef, shugabanmu, yana son rahoto ranar Alhamis. Rubutattun sun isa. Mai son taimako ya nemi ɗan lakwal mai karatun boko ya rubuta masa."

"Garuruwan da suka fi jin yunwa su ne ba su da ɗan lakwal," in ji Kyari.

"Kai Babarbare, komai sai ka yi cinikinsa! Duniya ta ci gaba, kana riƙe da tsohon yayi kamar tsohuwa da tsummanta."

"Na'urorin da ke ƙauye duk tsohon ne a kansu, Mushe," in ji Kyari, yana tsokanarsa da kiran girmamawa na Faransanci. "Ko za ka bi su a kan babur ɗaya bayan ɗaya?"

Inusa ya yi tsaki, ya karkaɗe takalminsa mai sheƙi ya fita. Balki ta duba rariyar da ke hannunta, ta ga ashe ta daɗe da daina tankaɗe.

Bayan magariba ta ajiye wa mijinta tuwo, ta zauna a gefen tabarma tana murza bakin zanenta. Ita ba mai yawan magana ba ce, karatunta ma a aji huɗu ya tsaya. Da ƙyar ta ce, "Malam, muryar Inna ta mutu ke nan?"

Kyari ya dube ta, ya yi murmushi. "Ba ta mutu ba. Tana nan, ƙofar ce ta ƙi ta. Kin ga, kaya iri biyu muke ɗauka. Akwai rubutu, akwai ɗanyen kaya irin murya da hoto, wanda ba a karanta shi, sai dai a kai shi yadda yake. A tsohon zubi, sunan da ake ce wa str na ɗanyen kaya ne, mu kuma muka yi ta cusa rubutu a ciki saboda yana karɓa. A sabon, str ya koma sunan rubutu kaɗai, ɗanyen kaya aka ba shi bytes. Shi ne na'urar biro ta ɗauki muryar Inna tana neman ta karanta ta kamar wasiƙa."

Ya ga Balki ba ta gama ganewa ba, sai ya ce, "A gidanmu, in an ce Amina, wa ake nufi?"

"Hajiya," ta ce a hankali, don ba ta kama sunan surukarta.

"A gidan yayata kuma ɗiyarta ce. Shi ya sa ba wanda ke kiran sunan. Babbar muna ce mata Ya, ƙaramar Yagana, kuma duk gidan da ka shiga an san wa kake nufi. Haka zan yi. Zan raɗa musu sunaye biyu namu na gida, rubutu da ɗanye. A saman manhajar zan gaya wa tsohon zubi abin da kowanne ke nufi a wurinsa, in gaya wa sabon. Daga nan sai in bi layi-layi, duk inda aka ce str in tsaya in tambayi kaina, wannan wanne ne?"

"Layukan suna da yawa?"

"Kamar tsakuwa a cikin shinkafar kasuwa."

Aikin ya ci kwanaki. Kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa, ya jira ta dawo. Inusa kan leƙo ya ce, "Har yanzu ana tsintar?" Kyari ya ce, "Ana yi," ya ci gaba.

Wata azahar zafi ya kwantar da Balki a inuwar ɗaki, barci ya ɗauke ta. Ta ga hanyar Droum fara fat, mata sun jeru a kanta, kowace da tulu a ka. Ba ruwa a tulunan, muryoyinsu ne a ciki, suna motsi kamar tantabaru. A ƙofar birni wani mai gadi yana leƙa kowane tulu yana cewa, "Ba na ganin harafi." Innarta na can baya, ta dafe bakin tulunta da tafi kada muryar ta tashi. Balki ta buɗe baki ta kira ta, sai ta farka, wuyanta sharkaf da gumi.

Daga zaure ta ji an yi tari. Tarin da ta sani tun tana goye.

"Salamu alaikum. Ni ce Hajara ta Droum. Rijiyarmu ta yi ƙasa, guga sai laka. Rumbuna ba kome. Awaki ma sun fara cin zana."

Balki ta isa ƙofar zaure ba takalmi. Kyari ya juyo, idonsa ja don kallon na'ura, ya ɗaga mata gira kawai. Ranar Laraba ce.

Da la'asar Inusa ya zo. Kyari bai ce masa ka gani ba. Ya tura masa na'urar ya ce, "Muryoyin suna da yawa, ni kaɗai ba zan gama saurare kafin gobe ba. Ka fara, in je in karɓo katin muryoyin da ya rage a biro."

Inusa ya zauna yana danna su ɗaya-ɗaya, fuska a murtuke. Balki ta ɗebo masa ruwa a kwano, ta nufo zaure. Tana dab da labule ta ji muryar wani tsoho, a shaƙe, mai jan numfashi.

"Ni ne Nomau, daga Zermu. Anza ta daji muke ci, ita ma sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Yara sun fara kumbura. A taimaka mana." Ana jin iska da kukan jaki a bayansa. Sannan ya ce, "Yaro, kashe abin. A'a, tsaya. Ina da ɗa a birni, Inusa, aikin na'ura yake yi irin wannan. In kun san shi kada ku gaya masa. Aikinsa mai nauyi ne, kada mu raba masa hankali."

Balki ta tsaya cik da kwanon. Ta ratar labule ta ga Inusa ya sake danna muryar. Ya kuma dannawa. Sannan ya cire tabarau ɗinsa ya ajiye a kan tabarma, ya kifa fuska a gwiwa, kafaɗunsa na rawa ba sauti.

Ta ja da baya a kan yatsun ƙafa, ta mayar da ruwan cikin randa.

Ko da Kyari ya dawo, ya tarar Inusa ya wanke fuska, ya saurari fiye da rabi, yana jera garuruwan da za a fara kai wa hatsi. Droum da Zermu duk suna sama. "Yaya Kyari," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "sunayen nan naka biyu, ka nuna mini yadda ka yi. Sauran manhajojin ma a gyara su haka."

Bayan ya tafi, Kyari ya shigo yana mamaki. "Yau me ya sami mutumin? Har da yaya ya ce mini. Kin ji wani abu?"

Balki ta sunkuyar da kai tana hura wuta. Tsohon ya roƙa kada a faɗa, ɗan kuma ya yi kukansa yana zaton ba mai ganinsa. Ta ga ba ta da hakkin ɗaukar ko ɗaya daga cikin biyun ta kai wani wuri, ko da wurin mijinta ne.

"Tuwo ya kusa, Malam," ta ce.

Darasi: Kada ka yar da maganar mutum don ba ta zo a irin sigar da ka saba ba. Wanda kake cewa a watsar da muryarsa, wataƙila naka ne. Kuma in Allah ya nuna maka raunin wani, ka rufa masa. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai sassauta wa wanda bai iya rubutu ba.