Sallau Mai Tsire da Shelar Sarkin Kasuwa

A wata kasuwa can Gabon, sarkin kasuwa ya yi shela: duk baƙon da ba ya jin yarensu ya kwashe kayansa. Sallau mai tsire, wani Bahaushe baƙo, ya ci gaba da gashinsa. Aka kai shi gaban sarkin, aka nemo tafinta.

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, da wane yare aka yi shelar?"

"Da namu mana!"

"To in ban ji ba, ba a gaya mini ba. In kuwa na ji, ai ba da ni ake ba."

Sarki ya daka tsawa, "Ba ka jin komai!"

"Shekara uku kana ɗaga mini yatsu biyu in kana son tsire, ranka ya daɗe. Na taɓa miƙo maka tsinke ɗaya?"