Tambayar Da Istifanus Ya Kashe

A wani gari an yi wani magidanci mai suna Istifanus, yana da yaya mace ana ce da ita Damaris. Da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali, Damaris ce ta yi jinyarta wata bakwai. A kwanakin nan ta riƙa ɗaukar muryar tsohuwar a waya, waƙoƙin sujada da harshen ƙauyensu, da addu'ar da take yi wa jikoki tana kiran kowa da sunansa. Wayar ta fara lalacewa, sai Damaris ta kwashe muryoyin ta zuba a kwamfutar gidan, ta kulle su da doguwar kalmar sirri, irin wadda na'ura ke ƙirƙira, ba mai iya riƙe ta a ka. Kwamfutar tana da ma'ajiya inda take adana irin waɗannan kalmomi, ma'ajiyar kuma da tata kalmar. Damaris ce ta sa ta. Da yake kwamfutar kan buɗe ma'ajiyar da kanta, Istifanus bai taɓa tambaya ba.

Ranar jana'iza gardama ta tashi a kan inda za a binne gawa. Damaris ta ce a gaban dangi, "Kai da ko sau ɗaya ba ka juya ta a gado ba, yau kai ne mai magana?" Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Mako na zagayowa Istifanus ya ɗauki kwamfutar ya kai wa mai gyara, aka sa mata sabuwar kalmar shiga, wai don kada yayarsa ta ƙara taɓa masa kaya.

Tun daga ranar ya rasa sakat. Da ya shiga sai wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar yana cewa ma'ajiya na neman kalmarta. Ya sa sabuwar kalmar, ta ƙi. Ya gwada sunan matarsa, ya gwada shekarar haihuwarsa, har sunan karen gidan bai bari ba. Ya danna soke, akwatin ya ɓace, kafin ya gyara zama ya dawo. Wata rana sau biyar, wata rana sau goma. Duk fitowarsa kuwa sai Damaris ta faɗo masa a rai, abin da ya fi ƙona shi ke nan.

Ya koma wurin mai gyara a fusace. Mai gyara ya ce, "Baba, ƙofar waje muka sauya wa makulli, ta ciki tana nan da tsohon nata. Hanya biyu ce. Ko ka je wurin wanda ya san tsohuwar kalmar, minti ɗaya an gama. Ko in share ma'ajiyar in yi sabuwa. Tambayar za ta daina, amma duk abin da aka kulle da kalmomin da ke ciki ba zai ƙara buɗuwa ba."

Istifanus ya ce, "Tarkacen yayata ne a ciki. Share."

Aka share. Kwamfuta ta yi shiru, Istifanus ya ji daɗi, har yana gaya wa mutane ya rabu da fitina.

Bayan wata huɗu aka sa ranar auren 'yarsa Ƙauna. Ta ce, "Baba, kafin in bar gidan nan ina so in ji addu'ar da Kaka ta yi mini." Ya buɗe kwamfutar. Ga sunayen muryoyin a jere, ga ma wadda aka rubuta wa "Addu'ar Ƙauna, minti huɗu". Ya danna, ta nemi doguwar kalma.

Sai a ranar ya taka zuwa gidan Damaris. Ya ce, "Yaya, tsohuwar kalmar na zo nema." Ba gori, ba tone-tone, ta rubuta masa a takarda, ta ce, "Ai kullum ina zuba ido ka zo." Ya tambaye ta labarin wayar, ta ce ta mutu tun bara. Suka dawo tare, ya sa kalmar daidai, harafi bayan harafi. Amma ma'ajiyar da kalmar ke buɗewa ba ta nan. Su uku suka zauna suna kallon sunayen. Istifanus ya rufe fuska ya yi kuka mai ɗaci, gama ya san da bakinsa ya ce a share.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ba a ɓoye take ba. Sabuwar kalmar shiga ita ce gyaran da muke yi a waje: mu sauya kujera a majami'a, mu sauya hanyar kasuwa, mu ce mun wuce wurin. Ma'ajiyar ita ce zuciya, ita kuwa tana nan a kulle a kan tsohon laifi. Akwatin nan mai naci shi ne Ruhun Allah yana tuna maka da wanda ba kwa ga-maciji. Kai kana kiransa fitina, alhali jinƙai ne. Muddin yana fitowa, akwai sauran abin da za a ceta.

Ina faɗa muku da baƙin ciki, mutum yana iya kashe tambayar nan, kuma da yawa a cikinmu mun iya. Gafara tana iya zuwa daga baya, Damaris ta yafe, Allah ma yana yafewa, amma ba duk abin da aka share ne yake dawowa ba. Ƙauna ta tafi gidan miji ba ta ji muryar kakarta ba.

Wanda har yau wani suna ke damunsa in ya durƙusa addu'a, ya tashi daga nan ya nufi gidan mai sunan, tun kafin ya ci abincin rana. Wanda kuwa ya daɗe bai ji komai ba, yana cewa ya sami salama, shi nake ji wa tsoro.