Abin da Ya Faɗo Daga Hular Kalilu

Jama'ar wannan shafi, ku zo ku yi mini jaje. An ci zarafina a garin Daura, da rana tsaka, a gaban manya da yara. Tun da aka haƙa rijiyar Kusugu ba na jin an taɓa yi wa ɗan Adam irin wannan wulaƙanci.

Walimar aure na je. Na sa shaddata mai ruwan toka, na karya hula, na fesa turaren da ko matata ba na bari ta taɓa. Aka zo rabon abinci. Na damana ya buɗe robarsa, cinyar kaza. Na haguna ya buɗe, tsoka har tana tokare murfi. Ni na buɗe tawa: shinkafa da ƙashi. Ƙashin ma da alama wani ya riga ni gaisawa da shi.

Ba zan kama sunan wanda ya yi mini haka ba tukuna. Labari kawai zan ba ku, ku yanke hukunci.

Akwai wani saurayi a garin Babban Mutum mai suna Kalilu, yana sayen raguna ya kiwata ya kai kasuwa. Ya ga Siddiƙa, malamar firamare, 'yar Alhaji Amadu mai hatsi a nan Daura. Suka daidaita, manyansa suka kawo gaisuwa. Saura bincike.

Kun san yadda muke yi. Ba a ba da 'ya sai an tura wani ya je garin yaro a ɓoye, ya ji halinsa daga bakin maƙwabta. Alhaji ya ɗora wannan aiki a kan kawun yarinyar, Malam Audi, ƙanen mahaifiyarta Hajiya Lami.

Wannan Malam Audi, jama'a, mutum ne mai kwarjini. Dogo, mai fararen haƙora, ga basira. In ya karya hula ya fito, har masu babur rage gudu suke yi.

Ya hau mota ya bi ta Baure ya sauka Babban Mutum. Ya tambayi liman, liman ya ce yaron ba ya fashin jam'i. Ya tambayi dillalai, suka ce bai taɓa ɗura wa rago ruwa don ya yi ƙiba ba. Duk inda ya juya yabo ne. Nan hankalin Audi ya tashi. A ce mutum guda, gari guda, babu ko wanda zai taɓe baki?

Sai wajen mai shayi ya tsinci bakin zare. Mai shayin yana juya madara ya ce, "Kalilu? Ai alhamdulillahi, yanzu ya dawo daidai."

"Ya dawo daga ina?"

Mai shayi ya dubi tukunyarsa. "Malam, a ƙara sukari?"

Audi ya ci gaba da shinshina. Ya ji cewa kowane wata Kalilu yana shiga motar Katsina, ba ya tafiya da rago, ba ya dawowa da kaya. Ya ji cewa da safe yakan zagaya bayan garke shi kaɗai, ya cire hula, ya mayar, ya dawo yana goge baki.

Mai basira ba ya buƙatar fiye da haka. Audi ya je garken kamar mai neman ragon suna. Kalilu ya gane shi, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kawu, da kanka? Ai da ka aiko."

"Tashi, tashi. Kai, wannan hula taka! Zanna ce? Miƙo in gwada, ko za ta shige ni."

Kalilu bai so ba. Amma wa zai hana kawun budurwarsa hula? Ya cire a hankali ya miƙa. Audi ya kifa ta kamar mai duba ɗinki, sai ga katin magani ya zamo daga ciki, irin mai ƙwayoyi jere a ƙarƙashin leda. Kafin ya kai ƙasa ya shige aljihun Audi.

"Kawu, wannan nawa ne. Ina buƙatarsa gobe da safe."

"Na san kana buƙatarsa," in ji Audi. "Duk haka suke cewa."

Da ya dawo Daura bai kai wa likita ya duba ba, bai kai wa mai kemis ba. Rubutun jikin katin ƙanana ne, shi kuma ba ya sa tabarau a bainar jama'a don yana tsofar da fuska. Sai ya nuna wa abokansa a majalisa, ya kuma ja musu kunne kada kowa ya ji. Kafin la'asar, matan unguwa sun san 'yar Alhaji za ta auri ɗan ƙwaya. Washegari an ƙara cewa shi ke rarraba wa samarin Baure.

Alhaji Amadu ya ce a haɗa kayan gaisuwa a mayar.

Siddiƙa ta tare kawunta a tsakar gida, idonta jajir.

"Kawu, ka tambaye shi ko na mene ne?"

"Ke yarinya ce. Ana tambayar mai laifi?"

"To ni na san ko na mene ne. Ya gaya mini tun kafin manyansa su zo."

"Faɗi mu ji."

"Sirrinsa ne, ba nawa ba. A kira shi."

Audi ya juya wajen yayarsa. "Yaya Lami, kin gani ko? Har ya juyar mata da kai."

Hajiya Lami ta miƙe. Ta shiga wajen mijinta, ta jima, ta fito. Aka aika wa Kalilu.

Ya zo da hantsi, ya zauna a bakin tabarma a zaure, kansa a ƙasa. Kayan gaisuwar suna jingine a gefe, an ɗaure. Audi ya ajiye katin a tsakiya, ya gyara zama.

Alhaji ya ce, "Kalilu, ba na son dogon zance. Wannan na mene ne?"

A nan, jama'a, ƙofa a buɗe take. Da ya ce na olsa ne, ko na hawan jini, babu mai musa masa, tunda babu wanda ya karanta. Kalilu ya ɗago.

"Baba, maganin ciwon damuwa ne. Likitan ƙwaƙwalwa ne ya ɗora ni a kai. Wajensa nake zuwa Katsina."

"Kun ji!" Audi ya tafa hannu. "Ƙwaƙwalwa! Wannan ai ya fi wancan muni. Hauka ke nan fa, Alhaji."

"Bar shi ya gama."

"Ina da ƙane, Musaddiq," in ji Kalilu. "Ranar kasuwa ni ya kamata in raka raguna a mota. Na ji kasala, na ce ya je a madadina. Motar ba ta kai ba. An yi zaman makoki, kowa ya watse, kowa ya koma harkarsa. Ni na kasa. Barci ya ƙi, abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. Raguna suna kuka ina jin su, ba na iya tashi in ba su dusa. Ina sallah, Baba, ina addu'a, ban taɓa bari ba. Amma mutane suna cewa in yi tawakkali, kamar ban yi ba. Har na fara ganin da babu ni da kowa ya huta. Sai yayata ta ja ni asibiti."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ina ci, ina barci, ina kasuwa. Likita ya ce kada in yanke da kaina, sai shi ya rage mini a hankali. In wannan ya sa ban cancanci Siddiƙa ba, na haƙura. Amma ba zan shiga gidanku da ƙarya ba."

"Me ya sa a hula?" in ji Audi. "Mai gaskiya yana ɓoye abu a hula?"

"Kawu, kai da ka gani, me ka ce?"

Audi ya shiga gyara karin hularsa.

Alhaji Amadu ya ɗauki katin, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Wannan dattijo ne da ko 'ya'yansa ba sa ganin kansa a buɗe a zaure. Sai ya sa hannu biyu ya cire hularsa a gaban yaron da ke neman 'yarsa. Ya kifa ta a kan tabarma.

Kati ya faɗo. Launi ɗaya, girma ɗaya.

"Tun gobarar da ta cinye mini sito," in ji shi. "Lami kaɗai ta sani. Ni Kano nake zuwa, don kada in haɗu da idon sani. Ka san abin dariya? Can ma ina haɗuwa da su. 'Yan kasuwa, malamai, matan aure. Mu gaisa a kan benci, kowa ya ce rakiya ya yi. Layi guda, duk 'yan rakiya, babu majinyaci ko ɗaya."

Ya miƙa wa Kalilu katinsa. "Kwana nawa ba ka sha ba saboda wannan mutumin?"

"Na koma na karɓo wani, Baba."

"Madalla. Audi, kwance kayan nan ka shigar wa yayarka. Da hannunka."

An ɗaura aure Asabar ɗin da ta wuce. An yi walima. Hajiya Lami ce da kanta ta tsaya a kan tukunya tana zuba wa kowa rabonsa, kuma an ce akwai roba ɗaya da ta ware gefe, ta yi mata alama da gawayi.

To, na ga wasunku sun fara rubuta dariya a ƙasa. Eh. Dogon nan mai fararen haƙora, mai karya hula, ni ne. Ni na zare katin, ni na kai majalisa, ni na kusa raba yara biyu da ba su yi mini komai ba. Labarin nan ma ba don raɗin kaina na rubuta ba. Alhaji ne ya ce tunda bakina ya iya yaɗa ƙarya kafin la'asar, to ya yaɗa gaskiya, har da tasa, Kalilu kuma ya ce a sa sunansa. Duk da haka ina nan a kan bakana: ko mai laifi ya cancanci wuyan kaza.

Darasi: Ciwon damuwa ciwo ne, ba hauka ba, ba shaye-shaye ba, ba kuma raunin imani ba. Mutuwa tana jawo shi, asara tana jawo shi, wani lokaci ma ya zo ba sallama. In ka ga magani a hannun ɗan'uwanka, tambaye shi kafin ka tambayi majalisa. In kai ne ke fama, yi addu'a kuma ka je wurin likita, kada ka saya wa kanka a kemis. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, don ba ku san hular wa ke ɗauke da irinsa ba.