Gida Biyu, Gada Ɗaya

An yi wani sarki a ƙasar Tsamiyar Ruwa, ana ce masa Sarki Barmo, wanda kogi ya raba mulkinsa gabas da yamma. Saboda fargabar kada gobara ko ambaliya ta shafe bayanan gonakin talakawansa, ya sa aka gina gidajen na'ura biyu, ɗaya a kowace gaɓa, kowanne yana riƙe da duk abin da ɗan'uwansa ya riƙe, aka haɗa su da wayoyi biyu masu ɗaukar saƙo cikin haske, domin in ɗaya ta katse ɗayar ta wadatar.

Wazirinsa, Malam Jatau, ba abin da yake so irin ya shiga gidan gabas da hantsi, ya zauna cikin sanyin nan yana kallon 'yan korayen fitilu suna ƙyaftawa. A ransa gani yake gaisawa gidajen suke yi ta ƙetaren kogi: "Kana nan?" "Ina nan." Sau da yawa a nan gyangyaɗi kan sace shi.

To, wata damina ruwa ya zo a fusace ya tafi da gada, ashe wayoyin nan duka biyun ta cikinta suka bi. Gidan gabas ya yi sallama, shiru. Na yamma ya yi tasa, shiru. Kowanne ya ɗauka ɗan'uwansa ya halaka, ya ci gaba da rubuta hukuncin mallakar gonaki shi kaɗai har kwana tara. Kai jama'a! Fadama guda aka rubuta wa iyalai biyu, suka haɗu a kanta da fartanyu, har jini ya zuba.

Sarki ya husata, ya yanke wa Tabawa, injiniyar da ta shimfiɗa wayoyin, hukuncin barin ƙasa cikin kwana uku, bai ko nemi ganinta ba. Sa'an nan ya dubi waziri ya ce, "Gidaje biyu, kowanne amintacce, kowanne mai ɗa'a, amma sun haifi zalunci. Ka zo mini da sababi da magani kafin wa'adinta ya cika."

Waziri kuwa sababin ya san shi sarai: shi ne da kansa. Tun farkon aikin Tabawa ta nemi waya ɗaya ta bi gada, ɗayar ta zagaya ta mashigin arewa, shi kuwa ya hana, don ɗokin a gama aiki kafin Sallah sarki ya yaba masa.

A rana ta uku ya tarar da Tabawa a bakin kogi, ta ɗaure kayanta, tana kallon ruwa yana wucewa a hankali kamar bai taɓa ɓarna ba.

Ta ce, "Baba Waziri, kwantar da hankalinka, ban faɗa wa kowa ba. Kabarin mahaifiyata kawai nake jin ciwon bari."

Kunya ta rufe shi. Ya ce, "'Yata, da an bi shawararki, da shi ke nan?"

"Da saura. Ko hanya goma aka yi, wata rana za su iya yankewa. A gina ƙaramin gida na uku a kan dutse, ba ya ajiye komai, shaida kawai yake yi. Ranar da zumunci ya yanke, wanda shaida ya amsa wa ya ci gaba, ɗayan ya kama bakinsa."

Waziri ya nufi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, sababi shi ne kowane gida ya ɗauki shirun ɗan'uwansa a matsayin mutuwa, ya yi hukunci ba shaida. Magani kuwa shaida na uku da hanyoyi mabambanta, kuma hikimar ba tawa ba ce, ta Tabawa ce. Wanda ya tilasta mata bin gada ɗaya, ga shi durƙushe a gabanka." Ya kwance rawaninsa ya ajiye a ƙasa.

Sarki ya dubi rawanin, sa'an nan ya ce a hankali, "Ashe gidajen da suka yi hukunci su kaɗai uku ne, Waziri. Ni ne na ukun, domin na kore ta ban ji daga bakinta ba."

Ya sa aka zo da Tabawa, ya nemi afuwarta a bainar jama'a, ya danƙa mata ginin gidan shaida da shugabancin gidajen duka. Ya yafa wa waziri alkyabba saboda gaskiyarsa, ya umarce shi ya je da ƙafarsa ya sasanta masu fadamar, kuma sai ranar da suka yafe wa juna waziri zai sake naɗa rawaninsa.

Haka masana suka tabbatar: mai mulkin da bai ji ɗaya ɓangaren ba, shirunsa adalci ne, hukuncinsa kuwa zalunci, ko da niyyarsa ta tsarkaka.