Lambun Baba Jatau Mai Rijiya Ɗaya

To, ku gyara zama, ga wata nan gare ku. Wannan ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshenta ku ne za ku yanke hukunci. Ina faɗa muku tun yanzu, kada wani ya ce mini duk ɗaya ne, don ba zan karɓa ba.

Akwai wani ƙauye da ake kira Kwarin Gawo, inda aka gano kwal a ƙarƙashin gonakin mutane. Ba irin manyan wuraren haƙar nan ba ne da kuke gani a talabijin. Rami ne guda da ya gangara cikin gindin tudu. Mutum ya shiga a tsaye, in ya yi nisa ya sunkuya, can ciki kuma sai rarrafe. Ana sara da diga, a cika buhu, a jawo shi waje. Gwafannin itace ne ke tokare da rufin. Wanda ya daɗe yana shiga, ko ya yi wanka ya sa farar riga, za ka gane shi a gefen idanu, kamar wanda ya sa kwalli bai iya ba.

Mahaƙan wurin suna da wata al'ada tun ranar da aka fara sara. Duk wanda zai shiga sai ya tuɓe takalmansa ya ajiye a kan wani faffaɗan dutse da ke bakin rami, ya shiga da ƙafa, saboda lakar ciki tana cinye takalmi. In an tashi aiki kowa ya ɗauki nasa. Muddin akwai takalmi a kan dutsen nan ba a rufe ƙofa, ba wanda zai tafi gida, don an san da sauran rai a ƙasa. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, amma ba a taɓa manta mutum a ciki ba.

Babban cikinsu shi ne Baba Jatau. Yana saurayi ya zo daga Tungar Maje, ya ce rani ɗaya zai yi ya koma. Ranin nan ne ya kai shi ga furfura. Matarsa ta rasu a nan, Allah kuma bai bar masa ɗa ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne wani lambu da ya gada a garinsu, a bakin rafi, da rijiya ɗaya da jigo, da lemo da gwaba da wani tsohon mangwaro, maƙwabci na riƙe masa shi amana. In aka zauna hutu ya fara ba da labarinsa, sai matasa su taɓa juna su ce to, an buɗe lambu. Suna tsokanarsa, amma ba mai tashi, domin dukansu 'ya'yan manoma ne. In ya kai wurin yadda ruwan rijiyar ke bin kwari yana shiga kwamin albasa da sanyin safiya, sai ka ga ƙato yana kallon tafin hannunsa. Kowace shekara Baba Jatau sai ya ce baɗi zai koma, kuma har zuciyarsa yake faɗa.

Ana nan sai ramin ya sami sabon mai shi, ci gaba ya zo. Kada ku ji na ce ci gaba ku zaci kushewa zan yi. An kawo injin da ke hura iska zuwa ciki, da famfon da ke zuƙo ruwa, da hular kwano mai fitila a goshi, da dogayen takalman roba. Yankewar ƙafa ta ragu, aka daina fita da jiri. Da iska ta samu sai aka ƙara nisa, aka kai inda in ba inji ba mutum ba zai iya numfashi ba. Takalman roba kuwa sun shiga ran matasa, tun daga gida suke saka su, har kasuwa ake zuwa da su ana taƙama. Dutsen bakin rami ya zama wayam. Baba Jatau kaɗai ne yake zuwa da tsofaffin takalmansa na taya, ya tuɓe su a kan dutse, sannan ya zura na roba. Sun yi masa dariya har sun gaji.

Wata Juma'a aka ce gobe manyan baƙi za su zo duba wurin. Ogan ramin ya sa a share ko'ina, a kwashe tsummokara da tsofaffin takalman da aka yi watsi da su a kai juji. Masu shara suka haɗa har da na Baba Jatau, don a ido ba su fi na yarwa ba. Da rana ta kusa tsaka aka tashi aiki saboda masallaci. Baba ya ji wata gwafa tana kuka a lungu na ƙarshe, ya tsaya ya ƙara mata tokara. Bai gaya wa kowa ba. Me zai sa ya faɗa, ga takalmansa can a kan dutse suna faɗa a madadinsa? Gwafar ta karye, wani falalen dutse ya danne masa ƙafa. A sama kuma masu rufe ƙofa suka waiwayi dutsen nan bisa sabo, suka ga ba komai, suka ce kowa ya fita. Aka kashe inji, aka sa kwaɗo a ɗakinsa da ƙofar rami, Oga ya hau babur da makullan ya tafi birni, sai gobe. Iska ta tsaya a ƙasa, ruwa ya fara tasowa.

Yanzu ku riƙe mutum uku, ku riƙe su da kyau.

Ta farko Kande ce, mai sayar da kunu da ɗanwake a bakin rami. Shekarun baya rufi ya rufta da mijinta, aka haƙa aka haƙa ba a kai gare shi ba, aka yi masa salla ba gawa. Ta zauna a wurin da 'ya'yanta, ba don tana so ba, don ba ta da inda za ta. Babban ɗanta ya fara tasawa, ya fara kallon bakin ramin nan irin kallon da ubansa ke yi masa, abin yana hana ta sukuni. Burinta a duniya ta kai su inda ƙasa ke ba da abinci daga sama, ba sai an shiga cikinta ba. Ran nan ta je zubar da ruwan wanke-wanke a juji, ta ga takalman taya da aka ɗaure maɗaurinsu da jar waya. Ta san su, ta kuma san mai su ba zai yar da su ba. Ta sheƙa da gudu ba mayafi, ta tare maza a hanyar masallaci sun sha fararen kaya. Suka ce Baba ya riga su tafiya, shi da ke son sahun gaba. Wani ma ya rantse ya gan shi. Kande ta zauna a tsakiyar hanya, ta ajiye takalman a gabanta, ta ce, "An taɓa ce mini in yi haƙuri in koma gida, na koma. Yau ba zan koma ba. Baba yana ciki." Yawancinsu suka kewaye ta suka wuce, suna cewa tsohon ciwo ne ya motsa mata. Mutum biyu ne suka juyo.

Ɗaya daga cikinsu Sallau ne, mai kula da inji. Aikinsa shi ne mafi daɗi a wurin, yana sama, yana shan iska, kuma sai da ya sha wuya kafin ya same shi. Amma inda ake tara tulin kwal, nan ne gonar ubansa take a da. Yana iya nuna maka daidai inda tsamiyarsu take tsaye, da inda uwarsa ke ajiye musu fura. In damina ta faɗi ƙasa ta yi ƙamshi, sai ya rasa abin da ke masa daɗi, hannunsa na neman fartanya ba gonar da zai sa ta. Sallau ya san ba mai shiga lungu na ƙarshe ya fito da rai in inji na kashe. Ya kuma san Oga ya riga ya yi kashedi, tun da aka taɓa satar mai, cewa duk wanda ya taɓa kwaɗon nan ya bar aiki ko mene ne dalilinsa. Ya ɗauki guduma ya fasa na ɗakin inji, ya fasa na ƙofa. Ya tada inji, sai bel ɗin da ke juya shi ya yi ta zamewa. Ya samo guntun katako ya tokare shi da hannu, ya tsaya a nan cikin hayaƙi, zafin ƙarfe na gasa masa damtse har fata ta saluɓe, bai saki ba sai da aka fito. Washegari Oga ya yi masa godiya a gaban baƙi, bayan sun tafi ya sallame shi.

Na ukun Mati ne, gwanin sara, shi ne ɗayan da ya juyo. Ya daɗe yana tari yana tofar da baƙi, a asibiti an gaya masa in ya ci gaba da shiga rami ba zai ga girman 'ya'yansa ba. Wannan Juma'ar ce ranarsa ta ƙarshe a aiki, har ya ɗaure jakarsa. Sai dai bai san ina zai nufa ba. Matarsa da yara suna can nesa a gidan surukinsa, don ba shi da ko taƙin ƙasa da zai ajiye su. Zuwansa na ƙarshe, ƙaramar 'yarsa ta ɓuya a bayan uwarta tana tambaya wane ne wannan baƙon. Maganar nan ta zauna masa a ƙirji fiye da ƙurar kwal. Da ya ji iska ta fara shiga, ya tuɓe rigar Juma'a, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗauki dogon ƙarfe ya shiga. Ya yi rarrafe cikin ruwa har wuya, yana buga bango yana saurare, har ya ji an amsa masa. Ya tarar da Baba ya ɗaga haɓa sama don kada ruwa ya shiga bakinsa. Ya sa ƙarfe ya ɗaga dutsen da kafaɗa, ya ja tsohon, ya goya shi yana ja da ciki. Da suka fito hasken rana, Mati ya durƙusa ya yi aman jini. Tun daga ranar ba ya iya hawa tudun nan sai ya huta a hanya.

Baba Jatau ya rayu, amma an yanke ƙafar. Abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana cewa baɗi, ga shi lokacin komawa ya yi, ba ƙafar da zai tsaya ya ja jigo. Da ya sami sauƙi ya sa aka kira masa su ukun, da dattawan wurin su zama shaida.

Ya ce, "'Ya'yana, ba ni da abin da zan saka muku sai lambun nan. Na so a ce zai rabu uku, amma na san rijiyar. In rani ya yi nisa, gida ɗaya take iya shayarwa. In na raba, na raba muku yunwa ne. Zan ba wa ɗayanku shi, halak malak. Ni dai a yi mini 'yar bukka a gindin mangwaro, in riƙa jin ƙarar ruwa, in na mutu a binne ni a garinmu."

Kande ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita. Sallau da Mati suka bi bayanta. Ba su yi gardama ba, ba su kai ƙarar juna ba, gaisuwarsu ma ta fi ta da. Amma direban motar da ke ɗaukar kwal ya ce kowannensu ya same shi shi kaɗai, a ɓoye, ya tambaye shi ko hanyar Tungar Maje tana da nisa.

Dattawa ne suka yi ta kai ruwa rana. Wasu suka ce ba don Kande ba, da an sauko daga masallaci an ci tuwo an kwanta, sai gobe a tarar da gawa, kuma in an hana ta lambun, ɗanta zai bi ubansa cikin ramin. Wasu suka ce gani da ihu ba sa ba mutum numfashi, Sallau ne ya ba da iskar da mutum biyu suka shaƙa, ya kuma san abin da zai rasa tun kafin ya ɗaga guduma, ga shi yanzu ba aiki ba gona. Wasu kuma suka ce da mai gani da mai inji duk a sama suka tsaya, Mati ne ya kai ransa inda mutuwa take, ya ƙarar da sauran ƙirjinsa, in bai sami wurin da zai shaƙi iska mai kyau ba, 'yarsa za ta girma ba ta san fuskarsa ba.

Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas, maƙwabcin da ke riƙe da lambu ya aiko cewa shi ma ya tsufa, a zo a karɓi amana kafin ruwa ya sauka. Baba Jatau yana zaune a ƙofar ɗaki da sandarsa, kayansa a ɗaure, yana jiran a gaya masa wanda zai kai shi gida. Biyu kuwa za su tsaya a Kwarin Gawo, su ga tashin motar.

Kai da kake gyaɗa kai tun ina tsakiyar magana, da kai za a fara. Tsakanin Kande da Sallau da Mati, wa za a ba wa lambun, kuma wane ido za ku kalli sauran biyun da shi?