Babura Uku da Saran Kububuwa

Ku da kuka cika mana kunne tun azahar da musun wane babur ne ya fi kowane, ku ɗan sarara, ku gyara zama. Zan ba ku labarin mutumin da ya fi ku sanin cikin inji nesa ba kusa ba, amma wannan musun naku ya ɗaure masa kai. In na gama sai ku raba masa gardamar.

A wani gari da ake kira Tungar Ɗinya akwai wani bakanike, Malam Labaran. Shekara talatin yana kwance babura yana ɗaurawa a wata rumfar kwano da ke bakin kasuwa. Babur na tafe tun daga nesa zai gaya maka na wane ne da kuma abin da ke damunsa, ba tare da ya ɗaga kai ba. 'Ya'yansa duk sun yi aure sun watse, daga shi sai matarsa Tabawa a gida, kuma duk garin an san ba ya haɗa ta da kowa.

Mutum uku ne ba sa rabuwa da rumfarsa. Na farko Nomau, wani ƙaton mutum mai dakon hatsi. Baburinsa baƙi ne mai faɗin taya, ana ce masa Takarkari, don buhu huɗu yake ɗauka bai ko yi nishi ba, sai dai ba shi da sauri, ga shan mai kamar ana zuba wa rami. Na biyu Cindo, magidanci mai ji da kansa, mai wani jan babur da ake kira Shaho. A kan kwalta babu mai ganin ƙeyarsa, amma ko kaza ba ya yarda a ɗaura masa a baya, wai za ta ɓata masa fenti. Na uku Malam Jatau, tsohon ma'aikacin gidan waya, sa'an Labaran. Nasa baburin ya girmi Cindo. Irin na da ne da ake gauraya wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, sirdinsa ɗaure da roba, yana tafe yana tari yana hayaƙi. Saboda tsufa aka laƙaba masa Gwaggo.

Kullum safiya sai sun yi musu. Nomau ya ce babur ƙarfi ne, Cindo ya ce babur gudu ne, Jatau ya ce duk ku bari baburanku su kai shekara arba'in tukuna mu yi magana. In sun gaji sai su juya kan Labaran ya yanke hukunci, shi kuwa ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ni dai nawa gyara ne."

Wata damina aka shiga wahalar mai. Mako uku tankar mai ba ta leƙo garin ba, 'yan bumburutu ma sun kife jarkokinsu. Ana cikin haka, wata Laraba da hantsi, sai ga wata mata ta faɗo rumfar a guje, ko mayafi babu. Ta ce kububuwa ta sari Tabawa a gonar gyaɗa, can ƙetaren fadama.

Labaran ya zabura ya nufi baburinsa, sai ya tsaya cak. Ai ba shi da babur, ƙwarangwal ne a jingine da bango. Sarƙarsa na jikin Takarkari tun bara, filoginsa na jikin Shaho, tayarsa ta gaba Gwaggo ce ke yawo da ita. Haka bakanike yake, duk wanda ya zo da matsala sai ya ciro daga nasa ya ce zai mayar gobe. Ranar nan ya tsaya yana kallon ƙarfen nan, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi.

"Hau nan, Maigida!" in ji Nomau.

An kwana ana ruwa, fadamar ta zama taɓo har gwiwa. Shaho da siririyar tayarsa ko taku goma ba zai yi a ciki ba, Gwaggo kuwa ba ta da ƙarfin ɗaukar mutum uku. Takarkari ya kutsa. Suka iske Tabawa kwance a kunyar gyaɗa, ƙafa ta kumbura, jini na tsattsafowa daga dasashinta. Suka sa ta a tsakiya, Nomau a gaba, Labaran a baya ya rungume ta don kada ta motsa. Mutum uku a kan babur, ga laka na riƙe taya. Sau biyu suna nutsewa har bututun hayaƙi, Nomau ya sa giya ta ɗaya ya murɗa, baburin ya yi gurnani ya fizge kansa ya fito. Labaran na jin injin yana zafi ta cikin wandonsa, ya san da wani babur ne da tuni ya buga. Haka suka ratsa fadamar, suka hau tudu, suka shiga gari. Daidai ƙofar ƙaramin asibitin garin ɗigon mai na ƙarshe ya ƙone, Takarkari ya mutu a tsaye.

Malamar asibiti ta duba ƙafar, ta duba bakin, ta jawo Labaran gefe.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Allurar dafin maciji ta ƙare mana, sai babban asibitin birni. Kuma ba za ta jure jijjigar hanya ba, maganin za a kawo mata nan. In rana ta faɗi bai iso ba, sai dai addu'a."

Daga Tungar Ɗinya zuwa birni tafiyar awa uku ce a mota, zuwa kawai. Labaran ya ɗaga kai ya dubi rana, ta kusa tsaka. Sai ya ji ƙarar Shaho a bayansa. Cindo ya ce zai kai shi ya dawo da shi, amma man da ke tankinsa ko rabin hanya ba zai kai ba. Nan fa gari ya tashi. Mai injin niƙa ya tsiyaye nasa, mai cajin waya ya juye janaretonsa, masu babura suka riƙa zare tiyo suna tatsa a kwalba. Jatau ma ya karkata Gwaggo ya zazzage ɗan abin da ke cikinta. Aka ɗura wa Shaho har wuya.

Labaran ya sha hawa babura, amma bai taɓa sanin gudu ba sai ranar. Suka bi jar hanya har rafin da ke tsakaninsu da kwalta, suka haye ta kan wata gajeriyar gada, ruwa na lasar gefenta. Da tayar Shaho ta taɓa kwalta sai Cindo ya ce, "Maigida, riƙe ni da kyau, ka rufe baki." Hular Labaran ta tafi, bai ko waiwaya ba. Manyan motoci suka riƙa komawa baya kamar a tsaye suke. Hawaye na kwarara ta gefen idonsa, shi kansa bai san na iska ba ne ko na Tabawa. Tafiyar awa uku, Shaho ya cinye ta a awa ɗaya da 'yan mintoci. Aka ba su allurar a wani ɗan akwati mai ƙanƙara, suka juyo kafin a kira azahar a birni. Labaran ya rungume akwatin, ya fara jin daɗi a ransa.

Da suka iso rafi sai daɗin ya koma ciki. Babu gada. Ruwan da aka yi a kan duwatsun gabas ya sauko, ya shanye ta, jan ruwa sai tumbatsa yake yi yana tafe da itatuwa. Masu fito suna nan da manyan gorunansu, irin waɗanda mutum ke rungumewa a ja shi zuwa ƙetare, amma gora ba ya ɗaukar babur. Kuma ko ya haye, tsakaninsa da gari tafiyar yini ce a ƙafa, ga shi duk man garin yana cikin tankin Shaho a wannan gaɓar. Cindo ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Labaran ya dubi rana, ta karkata.

Sai kunnensa ya tsinkayo wani abu ta cikin rurin ruwan. Tari ne, tof, tof, tof, tari irin na tsohon inji. Ko a mafarki ya ji wannan tarin ya san mai shi. Ya ɗaure akwatin a kansa da rawanin wani mai fito, ya rungumi gora, aka ja shi cikin ruwa. Yana kusantar gaɓa sai ƙamshi ya buge shi, kai ka ce ƙuli-ƙuli ake toyawa. Ga Jatau a zaune kan Gwaggo cikin farin hayaƙi, hannunsa a kan totur.

"Jatau! Da me take tafiya?"

"Da abin da ta samu. Hau, kada ta mutu, in ta huce ba za ta sake tashi ba."

A hanya Jatau ya ba shi labari. Bayan tafiyarsu ya hango hadari a kan duwatsu, kuma shekara ashirin yana kai wasiƙu ta wannan gadar, ya san halin rafin. Sai ya bi gida-gida yana roƙon mata kananzir, wannan ta juye na fitila, waccan ta juye na risho. Baƙin mai bai samu ba, ya karɓi man gyaɗa a wurin mai ƙosai ya gauraya. Ɗan fetur ɗin da ya maƙale a kafireto, wanda bai fi cokali ba, da shi ya tayar da ita, da ta ɗauki zafi ta ci gaba da shan kananzir ba ta ce uffan ba. Tun isowarsa take ruri a bakin rafi bai bari ta mutu ba. Labaran ya san da Shaho ko Takarkari aka ɗura wa wannan haɗin, ko kik ɗari aka buga ba za su amsa ba.

Gwaggo ba ta yi gudu ba, ba ta kuma tsaya ba. Ta bi jar hanyar nan tana tari tana atishawa, akuyoyi na biyo ƙamshinta. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa suka shigo gari. Mutanen da suka yi cincirindo a ƙofar asibiti suka ji tarin tun daga nesa, suka ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Malamar asibiti ta fizge akwatin ta shige ciki. Kafin a yi sallar isha'i jinin ya fara tsayawa.

Kwana tara Tabawa ta fito da ƙafarta. Ranar da ta taka zuwa kasuwa, Labaran ya ajiye sifana a tsakiyar aiki, ya zauna yana kallonta tana taya tumatir, yana dariya shi kaɗai kamar wanda ya zautu.

Labari ya bazu har ƙauyukan kewaye. Ƙungiyar masu babura ta garin ta ce wannan abin alfahari ba za a bar shi ya wuce haka ba. Suka sa aka ƙera babban allo da za a kafa a bakin tasha, suka ɗauko mai zane daga birni, suka ce a zana babur ɗaya a tsakiya, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa shi ne gwarzon babura na kowane zamani. Wane za a zana? Suka ce ai babu mai faɗa sai wanda ya hau duka ukun a rana ɗaya. Wannan karon Labaran ba shi da damar cewa nasa gyara ne.

Nomau ya ce, da Takarkari bai fito da ita daga fadama ba, wa za a yi wa allurar? A kunyar gyaɗa za ta ƙare.

Cindo ya ce, da Shaho bai haɗiye kwalta ba, da magani na can birni a cikin firiji, ita kuwa tana nan rana na faɗuwa a kanta.

Jatau bai ɗaga murya ba. Ya ce maganin da ya tsaya a ƙetaren rafi da wanda ba a saya ba duk ɗaya ne, kuma su ba wa nasu baburan kananzir su gani.

Labaran ya je gida ya tambayi Tabawa. Ta ce, "Malam, ni ɗaya kaɗai na hau, shi ma ban san inda kaina yake ba. Kai da ka hau uku ido buɗe, ni za ka tambaya?"

Ya dawo rumfa ya zauna. In ya dubi Takarkari sai ya tuna zafin injin a cikin taɓo. In ya dubi Shaho sai ya tuna iskar da ta ɗauke masa hula. In ya dubi Gwaggo sai ya ji tarin nan daga ƙetaren ruwa, a lokacin da ya riga ya fid da rai. Duk wanda ya cire daga cikinsu, sai ya ga kansa a bakin kabari. Mai zane ya kwana uku a garin, ya dama fenti ya bushe, ya sake damawa, har yanzu allon fari fat yake.

To, ku masu musu, ga buroshi a hannunku: tsakanin mai ƙarfin da ya ciro ta daga laka, da mai gudun da ya ɗauko magani, da tsohuwar da ta sha kananzir ta isar da shi, wane za ku zana a allon?